Baƙuwar da Sunanta Ba Ya Kan Komai

Greensboro, 9 ga Satumba, 2024

Uwaisu, autan Hajiya,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya Zariya, ya Hajiya da ƙafar tata? Ka gaishe min da ita sosai. Rubutu nake maka yau, domin in na yi saƙon murya Mama Halina, mai masaukinka ta Yukiren, za ta ji sunanta ta tsargu.

Ka san izinin zama na shekara biyu da aka ba ta lokacin da na ɗauki nauyin zuwanta daga Yukiren zai ƙare a Disamba. To akwai wata takardar kariya ta wucin gadi da ake ba 'yan ƙasarsu, TPS suke ce mata. Shekaranjiya na kai ta wurin wata lauya mai suna Anissa a titin Elm. Na ci kwalliyata, na tattara fasfo da hotuna, ni a dole na gama komai. Sai matar nan ta ce in kawo shaidar cewa Mama tana zaune a ƙasar nan tun watan Agustan bara ba ta motsa ba. Wai takardar haya, ko bil ɗin wuta, ko takardar albashi mai sunanta.

Wallahi dariya na yi. Na ce mata, matar da ta ɓoye ƙanena yana ɗalibi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a garinsu Kharkiv ana ruwan bama-bamai, ta ciyar da shi, ta tura shi cikin jirgin ƙasa da hannunta, ita zan sa biyan kuɗin wuta? Haba! Ko wayar da ke hannunta da sunana take. Lauyar ta cire tabarau ta ce, "To Hajiya, a takarda babu ta a gidanki." Ka ji fa. Wai karramawar da na yi ce ta zama matsala.

Kada ka tayar da hankalinka, ni Zinariya na ga abin da ya fi wannan a Amurka. Abu ɗaya ne bai yi min daɗi ba: ta ƙi sa hannu a fom ɗin. Da na miƙa mata biro sai ta ce "gobe". Turancinta bai kai ya yi min bayani ba, ni kuma yarensu ko sannu ban iya ba. Ka kira ta ka ji ko tsoron hukuma take.

Ka ci abinci, na ga hotonka duk ka rame.

Yayarka,
Zinariya

Zariya, 14 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, Hajiya ta amsa, ƙafar kuma da sauƙi.

Na kira Mama Halina, mun daɗe muna magana. Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, kuma don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki kira ni da faɗa. Ba tsoron hukuma take ba. Niyyarta in izinin ya ƙare ta koma Kharkiv. Na tuna mata cewa benen nasu ko tagogi babu, kuma har yanzu ana kai hari unguwar. Ta ce ta sani.

Na tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai. Ta ce sam, ba ta taɓa ganin mutum mai kirki irinki ba. Amma ta ce ta gaji da zama baƙuwa. In ta ɗauki faranti za ta wanke, ki karɓe. In ta taɓa tsintsiya, ki rantse. Katin izinin aiki yana cikin jakarta tun zuwanta, amma ranar da ta ce za ta nemi aiki a gidan burodi kin ce me mutane za su ce, kin kawo tsohuwa kin sa ta bauta. Wuni take a bakin taga tana kallon ɗalibai suna wucewa a kan kekuna. Matar nan duk rayuwarta ita ce shugabar masu girki a makarantar firamare. Ta ce a wurinsu wanda ake ciyarwa ba a bari ya yi komai, ko dai marar lafiya ne, ko kuma jira ake ya tafi.

Ni na san gaskiya take faɗa. Ranar da na kama hayar ɗaki a gidanta, ko jaka ban ajiye ba ta miƙo min wuƙa da dankali. A lokacin na ji haushi. Daga baya na gane a ranar ta mai da ni ɗan gida.

Yaya, mu abin da muka taso a kai kenan, baƙo ba ya taɓa komai, kuma ban ga laifinki ba. Amma in ta koma wani abu ya same ta, ban san yadda zan yi da raina ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Uwaisu

Greensboro, 29 ga Satumba, 2024

Malam Likita,

Salam. Ina gajiya? Ka ga na yi shiru, fushi na yi da kai. Na karanta saƙonka a cikin mota a bakin wurin aiki, na ce lallai yaron nan ya girma, ni zai koya wa riƙon baƙo. Na sake karantawa, sai ga ni ina kuka wiwi kamar wata yarinya, har mai gadi ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko lafiya. Abin ya yi min ciwo, Uwaisu. Ni ina ganin gata nake mata, ashe kora ce take ji.

Da na koma gida na same ta a bakin tagar nan tata. Na shiga kicin na kwaso tukwanen jiya na dire su a gabanta, na ce, "Mama, na gaji, ki wanke." Wallahi da ƙyar maganar ta fito, ji na yi kamar Hajiya na aika. Ta dube ni, ta dubi tukwanen, ta naɗe hannun riga. Tana wankewa tana mita, na kunna fassarar waya in ji me take cewa. Wai tun zuwanta take kallon yadda nake ƙona gindin tukunya tana haƙuri! Ka ji matar da nake lallaɓawa.

Washegari ta kafa min sharuɗɗa kafin ta taɓa biro. Kicin nata ne ban da ranar Juma'a. A sa sunanta a takardar haya. Kuma za ta je gidan burodin nan, in mutane sun yi magana in turo su wurinta. Na ce na amince, ta sa hannu raɗau.

Maganar shaida kuwa, lauya ta ce wasiƙar rantsuwa daga waɗanda suka san ta za ta taimaka. Ai kuwa ta taɓo inda na fi ƙarfi. Fada Simeon na cocin da nake kai ta duk Lahadi ya rubuta tasa da hatimi. Alhaji Salissou, maƙwabcinmu ɗan Nijar, ya rubuta cewa shi ke kai ta asibitin ido a tasi ɗinsa, asibitin ma sun ba mu takardar ziyararta. Matarsa Hajiya Aissa ta tara min matan unguwa, kowace tana cewa ai Mama ta zo sunan ɗanta. Sai da lauya ta ɗaga hannu ta ce ya isa haka. Mun aika ranar Alhamis.

Yanzu ni ce a wahale. Kullum wata jar miya ta kabeji, ko barkono ɗaya babu, in na kawo yajina ta harare ni. Kai ka ja min.

Ka ce wa Hajiya ta sa mu a addu'a.

Yayarka,
Zinariya

Zariya, 2 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Salam, da fatan kun tashi lafiya. Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci. Miyar kuwa ki daure, ni shekara huɗu na sha ta ban mutu ba. Abu ɗaya ke damuna: ta sa hannu ne don ta faranta miki, ko zaman take so da gaske? Na san halinta, ba za ta faɗa ba. Ki lura min.

Naki,
Uwaisu

Greensboro, 3 ga Nuwamba, 2024

Uwaisu,

Salam, a gaida Hajiya. An kira Mama an ɗauki zanen yatsunta. Amsa ba ta zo ba tukuna, lauya ta ce sai haƙuri, amma ni ko a jikina.

Ka ce in lura maka. Jiya na dawo daga aiki na tarar ta aro shebur wurin Alhaji Salissou ta kafce filin da ke bayan gidanmu kaf, ciyawar da mai gidan hayar yake ji da ita duk ta tafi. Na ɗora hannu a ka na ce, "Mama, me kika shuka?" Ta ce tafarnuwa. Na ce yaushe za a ci? Ta karkaɗe ƙasar hannunta ta ce sai ta sha sanyin hunturu a ƙasa, ba a tone ta sai watan Yuni. Ta kuma ce kada in kuskura in taɓa, ita za ta tone abarta.

Ka kwantar da hankalinka.

Yayarka,
Zinariya