Ɗakin da Aka Bayar da Sunanki

Zuwa ga uwar Hajo, matata, a makwancinki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ƙorafina dai shi ne wanda kika sani. Tun da mutanen daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Sanam muka sauka Filinge, masu furoje, 'yan ƙungiyar agaji, suka ce ɗakunansu na haya mai rahusa mata ake ba, ba a ba maza. Na tambayi dalili, ba wanda ya kula ni. Kika ja min riga kika ce, "Malam, inuwa muka zo nema, ba gardama ba." Na bi maganarki, amma ban yarda ba. Har yau ban yarda ba.

Kin tuna damanar farko, da rufin tol, kwanon nan nasu, ya dinga yoyo bisa gadonki? Na hau na toshe da tsumma da kwalta, suka ce ba a taɓa ginin ƙungiya. Sun hana rumbu, gara ta cinye mana hatsi cikin buhu. Sun hana dabba, kika kai akuyarki gidan ƙanwarki a garin Damana, duk ranar kasuwa kina tambayar lafiyarta kamar ɗiya.

Bayan sadakar arba'in ɗinki matar biro, ofishin masu furoje, ta zo. Ta yi min gaisuwa cikin ladabi, ba ni yi mata ƙarya. Sannan ta ce ɗaki naki ne, ke kuma ba ki nan, in ba su wuri kafin ruwa ya sauka, wata mai ƙananan yara tana jira. Na ga matar. Ƙarƙashin leda take kwana bayan tasha. Ban ji haushinta ba. Ban ji komi ba.

Na tafi meri, ofishin magajin gari, suka ce in koma biro. Biro suka ce mai magana yana Yamai. Ɗiyarmu Hajo ta aiko in koma wurinta, ni ko ba ni zaman gidan suruki, kin sani.

Tukwanenki suna nan yadda kika kife su, ban taɓa ko ɗaya ba. Abin da maƙwabta suka aiko nake ci, in fito bakin ƙofa in zauna. Gabas ta fara haɗa hadari.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki shi, 'yar halak.

Ke ba ki iya amsa min, na sani. To, wani cikin masu furoje ya tako da ƙafarsa ya dubi idona ya faɗa min: tsohon da matarsa ta rasu, ina suka ce ya kwanta? Ba ni tashi daga ƙofar nan sai an ba ni amsa.

Mijinki,
Mamman