Ma'aunin Idon Taru

Zuwa ga mahaifina, Sarkin Ruwa, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ni ne Habu, daga unguwar Mahjar a Jidda. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. To da kana da rai ma ban rubuto ba, sai yanzu da na tabbata ba za ka ba ni amsa ba.

Har yau kifi ne sana'ata, Baba, sai dai ba ni nake kamawa ba. Ina tsaye a kasuwar kifi, mutum ya saya ya miƙo mini, in kankare, in fasa ciki, in yanka, yana ta yi mini yalla yalla, wai in yi sauri. Shekara goma sha tara ke nan. Ga teku a gabana, amma marar iƙama, takardar izinin zama, ba ya hawa jirgin kamun kifi. Bayana ya gaji, yatsuna duk sun tsage da ƙaya.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Nan ma ana rufe ruwa. Akwai wani jan kifi mai tsada, najil, in lokacin ƙwansa ya yi, hukuma ta hana kama shi, halas. Na baro dokarka ina cewa ta ƙauye ce, na zo na tarar da ita a nan da takarda da hatimi.

Ban manta da ita ba. Damina na sauka ka rufe tafki wata uku, ba taru ba birgi, domin kifi na zuba ƙwai cikin ciyawa. In an buɗe, kowane taru sai ya bi ta hannunka. Ka ciro ɗan itacen kanya daga aljihu, mai faɗin yatsu uku, ka zura a idon tarun. In ya shige, bismilla. In ya cije, mai shi ya naɗe kayansa ya koma gida, ko da limamin gari ne. Giwan ruwan da bai kai kamu ɗaya ba kuwa, a mayar da shi ya girma.

A shekarar da abin ya faru, gero ya ƙare mana tun kafin noman farko. Matata Rabi tana da ciki wata bakwai, ba abin da ranta ke so sai romon kifi. A asibiti sun ba ta gidan sauro. Ran wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, na kwance shi na gangara bakin ruwa, na mai da shi taru. Ja biyu na yi na cika ƙwarya da 'ya'yan karfasa, ko wanne bai kai ɗan yatsa ba.

Ƙamshin suya ne ya tona ni. Wa ke soya kifi a garin da aka rufe ruwa?

Ba ka yi mini magana a gida ba. Ka ɗauki sauran kifin da gidan sauron, ka kai gindin tsamiya bayan la'asar, ka zube su gaban jama'a. Ka ce wanda ya ci jikan kifi, tuwon jikansa ya ci. Sannan ka cinna wa gidan sauron wuta, kamar yadda kake yi wa na kowa.

Zazzaɓi ya kama Rabi bayan mako biyu. Ita ta tashi, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Namiji ne, Baba. Jikan da ka yi magana a kai.

Na daɗe ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa kai ka ƙone gidan sauron matata. Haka ne, ka ƙone. Amma ban taɓa ƙara cewa ni na fara kwance shi daga kanta ba. Yau na faɗa. Kuma da ka ɗaga mini ƙafa, da washegari ba gadon da zai kwana da gidan sauro a garinmu. Wannan na gane shi. Abin da har yanzu ban haɗiye ba, rumbunka da gero a ranar, kuma ba ka tambaye ni me ya kai ni ruwa ba. Da ka tambaya, ko bayan ka ƙone ne.

Ranar da zan bar gari, rigarka na rataye a zaure, kana alwala. Na sa hannu na ɗauke itacen. Ba don ina da abin yi da shi ba, don dai ka laluba ka rasa. Ya bi ni Maraɗi, ya bi ni umra, ya zauna tare da ni da na ƙi komawa. Da Rabi ta iso ta gan shi a ƙasan jaka, ta mayar da shi inda yake. 'Yarmu Maryam, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Larabci take mayar mini, ta taɓa ɗauka tana buga wa 'yar tsanarta ganga da shi.

Makon jiya ƙanena Sanusi ya turo mini saƙon murya. Shi aka ɗora wa ruwa bayanka. Ya ce tun da itacen ya ɓata da yatsunka kake awo, ba mai musu. Yanzu da babu kai, kowa da yatsunsa yake aunawa, mai siraran yatsu ya fi kowa kamu. Idon taru sai ƙara tsukewa yake. An yi damina biyu ba wanda ya ga giwan ruwan kirki. Masunta za su zauna kan maganar kafin ruwa ya sauka, kuma in ya sassaƙa sabon itace, cewa za a yi son ransa ya sassaƙa.

Sai ya faɗi abin da ya hana ni cin abinci. Wai duk shekarun nan kana gaya wa mutane cewa cikin ruwa itacen ya faɗa. Sai da kana jinyar ƙarshe ka ce masa yana wurin Habu, kada a tambaye shi, in ya huce zai kawo.

Ashe ka sani. Ka tona ni a kan ƙwarya ɗaya ta kifi, ka rufa mini asiri a kan wannan.

Ban san ko na huce ba, Baba. Na dai gaji. Kawowa da ƙafata kuwa ba zai yiwu ba, in na fita daga ƙasar nan ba ni ba dawowa, ga Rabi ga Maryam. Amma Alhaji Ilu na bakin kasuwar garinmu ya gama umra, jibi zai tashi. Na goge itacen da man zaitun, na naɗe shi a tsumma mai tsabta. Gefen da babban yatsanka ya cinye yana nan, duk garin za su gane shi. Na roƙi Alhaji kada ya kai gida. Ya miƙa wa Sanusi a gindin tsamiya, bayan la'asar, ya faɗa wa jama'a daga hannun wa ya fito da yadda aka yi ya je can.

Allah Ya jiƙanka, Babana. Ya yalwata maka kabari, kada Ya auna ka da tsukakken awo, ni ma haka. Ya haɗa ka da jikan nan naka a inda ba sauro ba yunwa. Ya mayar wa tafkinmu kifinsa. Amin.

Naka ɗa, wanda ya makara,
Habu.