Na danna cewa Godiya ta zo, alhali ba ta zo ba

Salama gare ku, jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni.

Da na hango Maman Godiya a bakin get lokacin tashi tana leƙen yara ɗaya bayan ɗaya, sai na nufi wajenta. Ta ce, "Anti, ina ɗiyata?" Na buɗe baki, sai na tuna ban ga yarinyar nan ba tun safe.

Ina aiki a wata firamare mai zaman kanta a Kafanchan. Sakandare kawai na gama, mataimakiya ce ni a ajin Anti Rifkatu. Madam mai makarantar ta kawo tablet mai manhajar kiran suna, ka danna sunan yaro saƙo ya tafi wayar iyayensa cewa ya iso. Anti idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ta bar min, amma da sunanta ake shiga. Sabis kuma ba ya kamawa a aji sai a bakin get. Don kada in yi ta zirga-zirga, na saba in danna "duka sun zo" tun da safe, wanda bai zo ba in cire shi daga baya. A ranar, wani yaro ya yi amai a aji, na shiga wanki da shara, na manta ban cire sunan Godiya ba.

Ashe mai achaban da ke ɗauko Godiya daga hanyar Gidan Waya bai je ba. Ta biyo ƙafa, ta yanke ta gonar citta, maciji ya sare ta. Uwar tana kasuwa, ta ga saƙo, hankalinta kwance. Sai da yamma aka tsinci Godiya. Tana asibiti har yanzu, likita ya ce da an kawo ta da wuri da ba a kai ga maganar yanke ƙafa ba. Wane irin barci zan yi? Yarinyar da nake ɗaure wa igiyar takalmi?

Washegari kawunnan Godiya suka cika makaranta. Ɗaya ya ɗaga waya yana ihu, "Wane ne ya tura ƙaryan nan? A fito mana da shi!" Madam ta buɗe tablet, sunan Anti Rifkatu ya fito. Anti ta juyo ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta ɗauki jakarta, suna binta da zagi har titi. Mijinta ya rasu, ita kaɗai ke riƙe da yaranta, yanzu ko sujada ba ta iya zuwa saboda nunin da ake mata a coci.

Jiya na shiga ofis ina kuka zan faɗi gaskiya. Madam ta rufe ƙofa ta ce, "Na sani, ɗiyata. In aka ji wadda ba ta da takardar koyarwa ke kiran suna, rufe mu za a yi. Kuma kin ga idon mutanen nan. Sunanki bai fito ko'ina ba, kin tsira. Share hawaye ki koma aji."

Na koma. Madam ta ce daga yau ni zan riƙe ajin Anti. In na yi magana ina tsoron abin da za su yi min, in na yi shiru Anti ce za ta ci gaba da ɗaukar laifina. Jama'a, me zan yi?