Bidiyon da Ba Zan Aiko Ba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake. Ƙafafuna ne kawai suke kumbura saboda tsayuwa, ɗakina kuma bai kai kicin ɗinmu ba, amma kada Inna ta ji.

Na ga saƙonki. Wai kin gama kwas ɗin shugabancin asibiti, kina so in aiko bidiyo in faɗi yadda kika raine ni a aikin jinya. Lallai ma, Yaya!

Lokacin da kike shugabar ɗakin haihuwa, duk wadda ta yi kuskure ofis kike kiranta, ki rufe ƙofa. Ni kuwa a gaban masu naƙuda kike yi mini wankin babban bargo, don kada a ce kina fifita ƙanwarki. Da mutuncina kika sayi sunan adalci. Shi ya koro ni nan ƙasar waje, ba albashi ba.

Allah ya sanya alheri a satifiket ɗin. Ki shafa mini kan yara. Bidiyo kam, ki nema wajen waɗanda kika rufe wa ƙofa.

Ƙanwarki