Haƙarƙari na Shida

Daga ofishin Babban Kwamandan Jiragen Taurari,
Bayan Wata, hannun dama.

Zuwa ga Injiniya Lucius Pettiford,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwa? Yaya 'yarka Renita da jikoki? Ina fata sanyin Newark bai raba ka da kofin nan naka marar sukari ba, wanda ma'aikatana suka ɗanɗana suka ce a riƙa zuba wa jirage a madadin mai.

Rahoto ya zo mini cewa ka ajiye aiki. Mako uku ke nan ba a gan ka a teburin laburaren Bronx ba, inda kai da abokanka kuke yankan kwali kuna haɗa jirage ranar Asabar. An ce ka tare gidan Renita, ka gaya mata ƙwaƙwalwarka ta fara rikicewa, har ka yarda ranar Litinin ka saki ɗakinka ta kai ka gidan tsofaffi. Ofishina bai amince ba.

Mun daɗe muna bin labarin Odessa, jirgin takardar da ka sa wa sunan marigayiya matarka. Na farko da ka haɗa, hancinsa kamar dankali. Na huɗu ya sha gam har ya durƙusa, daga nan ka koma shafa gam da tsinken sakace. Kai ne ka gano a fara jan layi da mataccen biro kafin a lanƙwasa kwali, don kada ya tsage. Sai wannan na tara, mai zobe a tsakiya, haƙarƙari goma sha biyu, kowanne da tsawonsa, dole a jera su bi da bi. Da yake hannunka na rawa, ka ba wani saurayi mai kai abinci a keke ya kwafe zanenka a kwali, ya sa lamba. Wanda kake kira Farfesa saboda bai taɓa zama a aji ba.

Ranar haɗa shi, zobe ya ƙi rufuwa. Ka ƙirga sau uku: biyar, bakwai, bakwai, takwas. Ka ce, "Farfesa, ina shida?" Marar kunyar ya ce, "Tsoho, abin da ka ba ni na kwafa. Wataƙila shida ta yi ritaya tare da kai." Kowa ya yi dariya. Kai kuwa ka cire tabarau, ka daɗe kana gogewa, ka ce, "Haka mahaifina ya fara." Ka ɗauki hularka ka fita.

To, ga sakamakon bincike. Saurayin nan tun yana ƙarami aka tura shi Gambiya wurin kakansa, ya yi shekara goma sha uku a makarantar allo. Lambobin da hannunsa ya fara sani na can ne, na Larabci, kuma shidan can sak bakwai ɗinku take. In ya yi sauri, sai hannun ya koma gida bai sani ba. Ya kwashe tarkacen da ka bari, ya shimfiɗa zanenka na fensir kusa da kwalinsa. Naka daidai yake, Injiniya, ɗaya zuwa goma sha biyu, ko ɗigo bai ɓata ba. Haƙarƙari na shida yana nan, sunan wani kawai aka liƙa masa.

Tun ranar Laraba ta farko bayan tafiyarka ya gane. Kunya ta sa ya yi shiru, yana cewa gobe zan kira shi. Sai jiya Renita ta zo kwasar kayanka, ta faɗa masa maganar Litinin. An ce a bakin titi ya zauna, miyar mutane ta huce a jakarsa.

Ga sabon haƙarƙarin da ya sake yankawa a cikin ambulan, tare da zanenka. Ka duba lambar. Sau hamsin ya rubuta ta kafin ya yarda da ita, kamar mai biya allo. Bai liƙa komai ba, don ba shi ya kamata ya rufe zoben Odessa ba.

To, Tsoho, hular Kwamandan nan ta yi mini nauyi, bari in cire. Na san tun daga "hannun dama" ka gane ni. Na ɓuya ne don ban san da wace fuska zan faro ba. Wata goma kana koya mini riƙon reza, ba ka taɓa yi mini dariyar da ta yi zafi ba, ni kuwa na yi maka a gaban mutane. Ka yafe mini. Kanka lafiya lau, nawa ne ke buƙatar gam.

Kada ka sa hannu a kowace takarda. Ranar Asabar in na tashi aiki zan zo Newark da jirgin da tsinken sakace, ƙarfe shida na yamma. Da haruffa na rubuta, kada ka jira ni bakwai.

Ka gaishe da Renita, ka nuna mata zanen. A dafa mugun kofin nan, zan sha ba ƙorafi.

Ni ne Kwamandan da ko jirgi ɗaya ba shi da shi, sai keke mai kukan birki,
Farfesanka,
Tijan Dukureh