Na Ga Curin Bai Gasu Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Shekara biyu ke nan da muka rabu. Ummi tana lafiya, ta haihu, an sa wa yaron sunanka. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki waya ina rubutu a gaban jama'a ba.

Ka san abin da mutanen Limawa ba su sani ba. Sun san kai ne mai narka sanholo kana zuba kan injin ban-ruwa, har manoman rani daga Kafin Hausa suna zuwa nemanka. Ba su san curin yashin da kake sawa a tsakiyar zubi, don ƙarfe ya zagaye shi ya bar rami, daga hannuna yake fitowa ba. Shekara goma sha tara ina tankaɗe yashi, in kwaɓa da ƙaro da kokon rogo, in danna a katako, in gasa a tandar da ka yi mini da rabin ganga a bayan madafi.

Kai ka koya mini gwaji. In ƙwanƙwasa da farce, in kara a kumatu. Kullum kana cewa, "Idan da sauran sanyi a cikinsa, kada ki ba ni ko da sarki ne ke jira. Ruwa da narkakken ƙarfe ba sa haɗuwa a rabu lafiya."

Ina cikin takaba ƙanenka Sabo ya shigo da gatari. Ya ce wurin tandar nan ya fi dacewa da turken awakinsa. Ina zaune a ƙofar ɗaki yana sarar gangar. Na ce masa, "Malam Sabo, wannan fa da hannunsa ya yi ta." Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Yaya ne ya sangarta ki. Zubi aikin maza ne, ke dai ki ji da tuwo."

Bai tsaya nan ba. A gaban masu zuwa gaisuwa ya ce ciwon ƙirjinka daga hayaƙin da nake turnuƙe gida da shi ne. Innarku ta yarda. Har ta rasu ba ta sake cin abin da na dafa ba. In na kai mata kwano sai ta tura shi da ƙafa.

Na haɗiye, Baban Ummi. Na ɗauka haƙuri nake yi. Ashe ajiya nake yi.

Ranar wata Laraba ce da damina, an kwana biyu rana ba ta fito ba. Na leƙa rumfar aikinka, wadda Sabo ya karɓe yana zubi a ciki, don in karɓo rariyata, na tarar da curi shida a kan faranti. Sabo ya gasa su da wuta mai ƙarfi don sauri. Bayansu ya yi ja kamar gurasa, gwanin kyau. Na ɗauki ɗaya. Nauyinsa kawai ya gaya mini. Na kara a kumatu, na ji sanyi yana fitowa daga ciki.

Ya ce, "Ajiye mana, kada ki shafa masa miya." Abokansa biyu da ke zaune a benci suka yi dariya.

Kalma uku kawai ake bukata: bai gasu ba. Suna kan harshena. Na dubi tukunyar ƙarfe tana huci a kan wuta, na dubi fuskarsa, na ajiye curin daidai inda na ɗauke shi. Na ce, "Allah ya ba da sa'a." Na koma cikin gida.

Ban manta ba, ban ruɗe ba. Zama na yi a kan turmi ina jira.

Ana kiran la'asar na ji ƙarar, kamar tayar mota ta fashe, sai ihunsa. Ƙarfen ya yi tsalle ya same shi a fuska da wuya. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, kafin tsoro ya zo mini, wani sanyi ne ya fara ratsa zuciyata. Daɗi na ji. Bai wuce numfashi biyu ba, amma na ji shi.

Wata biyu ya yi a asibiti. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu haske kawai yake gani. An rufe rumfar. Yanzu a zaure yake wuni, abokan benci sun daina zuwa, ni ce nake kai masa kunu da safe. Fatar kumatunsa ta tattare, har jikanka yana kuka in ya gan shi.

Makon jiya ya riƙe bakin mayafina. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Na zalunce ki, amma ke ce kike ciyar da ni. Da na bar miki tandarki da ban zama haka ba." Yana kuka da idon da ya rage. Na ce, "Na yafe." Na karɓi godiyarsa, na juya na tafi da kwano.

Shi ya nemi gafarar abin da ya yi a fili. Ni nawa yana ɓoye, kuma ana yabona a unguwa.

Da kana nan da kai zan fara gaya wa, a hankali, ina kallon ƙasa. Na san ba za ka ɗaga murya ba. Shirun nan naka za ka yi, wanda ya fi duka zafi. Ina kewar ko da shirun ne, Baban Ummi.

Matar Sabo tana cikin masu karanta abin da nake rubutawa a nan. Kafin magariba zai ji. Gobe da safe zan dama kunu in kai masa kamar kullum, in tsaya a gabansa. In ya karɓa, to. In ya watsa mini a fuska, ba zan kauce ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Allah ya ba Sabo ladan idonsa. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin tsayuwa gobe, ya kuma dube ni da rahamar da ban yi wa ɗan'uwanka ba.

Matarka har gobe,
Maman Ummi
Limawa, Dutse