Ƙarfen da Luba Ta Faɗo a Kai

Sa'alaba, Jidda
27 ga Shawwal, 1432

Zuwa ga yayata A'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen gida. Yaya jikin Inna? An ce mini ƙafar ta sake tashi da damina, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Mu nan mun yi salla lafiya, maigidana Yahya yana nan yana fama da waldarsa cikin wannan zafi. Na so in kira ki a waya, amma maganar da ke bakina ba ta tsakar gida ba ce inda kowa ke miƙo kunne, shi ya sa na ba Hajiya Sauda ta kawo miki hannu da hannu.

Yaya, 'yata Luba ce ta faɗi ta karye, yau sati uku. Kin san shekara shida ke nan ina shara da goge-goge a wani nadi na mata a wajen Ruwais, wato gidan motsa jiki, namiji ko ɗaya ba ya shiga. Bara mai gidan ta ɗauko wata malama Baturiya, aka kafa ƙarafa uku daga ƙasa har rufi, masu santsi kamar madubi, mata suna hawa suna juyi a kai ana kiɗa. Ranar da na fara gani kunya ta sa na kau da kai. Luba kuwa, da take zuwa taya ni aiki, sai ta riƙa tsayawa tana kallo, in mutane sun watse ta gwada. Wata rana malamar ta dawo ɗaukar jakarta ta same ta can sama kusa da fanka. Maimakon faɗa, sai ta fara koya mata. Cikin wata takwas yarinyar nan ta wuce duk matan da ke zuwa da direbobi. Sai mai gidan ta ce in Luba ta ci gwaji a gabanta bayan salla, za ta ɗauke ta mataimakiyar malama, ta zama kafilinta mai tsaya mata, ta yi mata iƙama, wato takardar izinin zama. Yaya, shekararta ashirin da ɗaya a garin da aka haife ta, ba ta taɓa riƙe takarda mai sunanta ba. In ta hango motar jawazat, jami'an shige da fice, sai ta shige shagon mutane. Ki gaya mini wace uwa ce za ta ce a'a.

Da azumi ya matso aka rufe nadin, Luba ta damu kada jikinta ya mutu. Ni ce na matsa wa Yahya ya kafa mata ƙarfe a uwar ɗaka. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai gane wannan rawa ba, na yi ta lallashi har ya kawo bututun ruwa daga shago, ya goge shi ya kafa. Tun ranar farko Luba ta ce ya fi na nadi kauri. Na can milimita arba'in ne, yatsunta suna zagaye shi su haɗu da babban yatsa. Na gida hamsin, in ta kama sai ka ga rata. Babanta ya ce shi ke nan abin da ke akwai. Kwana arba'in tana hawansa, hannunta ya yi kanta, har ta saba. Amma ta sha gaya mini malamar ta gargaɗe ta, ta ce duk wadda ta canza ƙarfe sai ta yi kwana uku kusa da ƙasa da katifa a shimfiɗe, domin jiki yana riƙe awon ƙarfen da ya saba da shi, kuma siririn ƙarfe ya fi daɗi a tafin hannu amma ya fi zamewa a ƙafa.

Kwana biyar bayan salla mai gidan ta bugo waya, ta ce za ta yi tafiya ta wata biyu, Luba ta zo gobe a yi gwajin. Luba ta ce mini za ta roƙi a ɗaga mata ko kwana biyu ne. Ni ce na hana. Na ce manyan mutane ba a ja musu rai, in ta tafi ta dawo wa ya san ko ta canza shawara, yalla maza ki shirya. Ta dube ni, ta shirya. Washegari a nadi ina tsaye bakin ƙofa da bokiti a hannu. Ta yi juyi na farko da na biyu lafiya, har mai gidan tana tafi. A na uku ta hau sama ta juye kai ƙasa, ta maƙale ƙarfen da bayan gwiwa ta saki hannu. Ƙafar ta matse daidai kaurin na gida, shi kuwa wannan bai cika wurin ba. Ta sulluɓo ta tare da hannun dama. Ƙarar da na ji, Allah kada ya jiyar da ke irinta.

Asibiti ba ya yiwuwa babu iƙama, ita ma mai gidan tsoro ya kama ta, ta sa direbanta ya fitar da mu ta ƙofar baya. Muka kai ta unguwar Karantina wurin wani tsoho mai ɗori, Malam Na'ibi, mutumin Sudan. Ya ɗora wuyan hannun, ƙashi yana kamawa alhamdu lillahi, amma yatsu uku ba sa rufuwa, ya ce jijiya ce, sai abin da Allah ya yi. Maganar iƙama kuwa halas, ta ƙare, an riga an ɗauko wata 'yar Filifin. Malamar ta zo dubiya sau ɗaya, ta shiga ɗaki ta kama bututun da hannunta, ta fita tana share ido. Washegari Yahya ya yanke shi gunduwa-gunduwa ya fitar. Tun ranar daga shago sai masallaci, abinci ma sai na matsa. Yana ganin laifinsa ne, ni kuwa na san nawa ne. Abin da ya fi ci mini rai, Luba ba ta taɓa ɗora mini ba. Ni nake ba ta abinci a baki, ni nake yi mata kitso, in ta ga hawayena sai ta ce da Larabcinta ba komai Ummi, rubutacce ne. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina roƙonki abu biyu. Ki je wurin masu ɗorin unguwarmu ki yi musu bayanin yatsun, in akwai man shafawa ki ba Hajiya Sauda in za ta dawo. Sannan ki tambayar mini Malam ko za ku karɓi Luba in hannun bai dawo ba, domin nan babu aikin da za ta yi da hannu ɗaya. Hausarta ba ta da ƙarfi, amma tana jin komai, kuma yarinya ce mai haƙuri. Inna kuwa ki ce mata faɗuwa ta yi a wurin aiki, ba ƙarya kika yi ba.

Ki gaishe da Malam, da Inna, da Kawu Gwadabe, da Rabi'a da jaririnta, da su Lado. Yahya yana gaishe ku. Luba ta so ta sa sunanta a ƙasa da kanta, mun gwada sau uku alƙalamin bai tsaya ba. Wannan karkataccen layi da kike gani a gefe nata ne, ta ce kada in goge.

Taki ƙanwa,
Zaituna